Haɗa Fankoki da Uwar Allon Kwamfuta

Kwamfutar tebur, komai kyanta da tsadarta, ƙaramin murhu ce. Kusan dukkan wutar lantarkin da ta sha, bayan ta gama lissafi da nuna hoto, zafi take komawa. Kwamfutar da ke cin wat 200 tana fitar da zafi daidai da ƙwayayen lantarki biyu masu wat 100 irin na da, kuma a cikin rufaffen akwati take fitar da shi. Idan ba a sami hanyar kore wannan zafi waje ba, sai ya taru, kwamfuta ta fara nauyi, daga nan ta riƙa mutuwa da kanta, a ƙarshe wani abu ya ƙone.

Wannan batu ya shafe mu fiye da yadda ya shafi waɗanda suka ƙera na'urorin. A Kaduna, a watannin Maris da Afrilu, zafin rana yakan wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma ɗakin da aka rufa da kwano ba siliki yakan fi haka. A daidai wannan lokaci ne ɗalibai ke cika ɗakunan kwamfuta na makarantu da shagunan koyon kwamfuta a Kinkinau da Unguwar Mu'azu da Tudun Wada, domin tun shekarar 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma a shekarun 2023 zuwa 2025 a watan Afrilu aka fara ta. Watau lokacin da aka fi bukatar na'ura shi ne lokacin da ta fi shan wahala. Makarantar da ta tara kuɗin iyayen yara ta harhaɗa kwamfutoci ashirin, asara ce babba ta rasa biyar saboda wata 'yar waya da aka soka ba a mazauninta ba.

Uwar allo ita ce babban faifan nan mai zanen hanyoyin tagulla wanda ake dasa sauran sassa a kansa; masu gyara a kasuwa madabod suke ce mata. Firosesa kuwa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ce ta fi kowane sashe zafi idan aka dubi ƙanƙantarta.

Yadda fanka ta zama dole

Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a shekarar 1981 fanka ɗaya gare ta, a cikin akwatin wuta, kuma firosesarta ko ƙarfen sanyaya ba ta bukata. Da Intel ya fito da Pentium a 1993, zafin ya kai kimanin wat 15, aka shiga ɗora wa firosesa ƙarfe mai haƙarƙari, galibi da 'yar fanka a bisansa. Zuwa 2004 wasu nau'o'in Pentium 4 sun kai wat 115. A wannan zamani ne Intel ya tsara fanka mai waya huɗu, wadda uwar allo ke iya ƙara wa gudu ko rage mata gwargwadon zafi, kuma ita ake amfani da ita har yau.

Ƙarfen da ake ɗora wa firosesa, wanda za mu kira mazuƙin zafi, da alminiyam ko tagulla ake yin sa, domin su ne ke saurin ɗaukar zafi. Tagulla ta fi iska iya wuce da zafi fiye da sau dubu goma sha biyar. Wannan ne dalilin da ya sa ake shafa man nan mai launin toka tsakanin firosesa da ƙarfen: yana cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, ya kore iskar da ke maƙale a ciki. Amma ƙarfe ba ya ɓatar da zafi, karɓa kawai yake yi ya miƙa wa iska. Aikin fanka shi ne ta kawar da iskar da ta riga ta ɗumama, ta kawo sabuwa.

Iska nawa ake bukata?

Ɗaliban Fiziks na aji biyu na babbar sakandare sun san ƙa'idar nan: yawan zafi daidai yake da nauyin abu, sau ƙarfin riƙon zafinsa, sau yawan digirin da ya ƙaru. Bari mu gwada ta a nan. Kilogiram ɗaya na iska yana bukatar kimanin jul 1,005 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya. A ce kwamfuta tana fitar da wat 200, watau jul 200 a kowace daƙiƙa, kuma muna so iskar da ke fita kada ta fi wadda ta shiga da fiye da digiri 10. Sai mu raba 200 da 10,050, mu sami kimanin kilogiram 0.02 a daƙiƙa. A zafi irin namu, da tudun da Kaduna take kai, mita kubik ɗaya ta iska tana da nauyin kimanin kilogiram 1.1. Saboda haka ana bukatar kusan lita 18 ta iska ta ratsa akwatin a kowace daƙiƙa. A ma'aunin da ake rubutawa a kwalin fanka, wato CFM, wannan ya kama kusan 38.

Fanka mai faɗin milimita 120 takan iya tura fiye da haka idan a sarari take. To amma da zarar an sa mata raga da matacin ƙura da tarin wayoyi a gaba, abin da take turawa raguwa yake yi ƙwarai. Shi ya sa fanka ɗaya ba ta cika wadatarwa ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a fahimta sosai, domin a nan ne ƙasarmu ta bambanta da ƙasashen sanyi. Fanka ba ta sanyaya iska. Iyakar abin da za ta iya shi ne ta kusantar da zafin firosesa ga zafin iskar ɗaki. A ɗauka wani mazuƙin zafi yana barin firosesa ta hau rabin digiri a kan kowane wat. Firosesa mai wat 65 za ta fi iskar da ke kewaye da ita da kimanin digiri 33. A ɗaki mai digiri 22, idan cikin akwati ya kai 27, firosesa tana kan 60, lafiya lau. A ɗakin kwano mai digiri 38, idan iskar akwati ba ta fita da kyau har ta kai 52, firosesar nan dai tana kan 85. Yawancin firosesoshin yau idan suka kai digiri 95 zuwa 100 sukan rage gudun aikinsu da kansu don su tsira, idan abin ya ci tura su kashe kwamfutar. Mai harhaɗa kwamfuta a Landan yana da sararin yin sakaci. Na Kinkinau ba shi da shi.

Wayoyin fanka da aikin kowace

Fankokin kwamfutar tebur da wutar bolt 12 suke aiki, wadda akwatin wuta ke samarwa daga bolt 230 na soket. A ƙarshen wayar fanka akwai ɗan fulogi mai rami uku ko huɗu, a kan uwar allo kuma akwai mazauni mai fil uku ko huɗu a tsaye, da ɗan harshen roba a gefe guda.

Fil na farko shi ne na ƙasa, inda wuta ke komawa, kuma wayarsa baƙa ce. Na biyu shi ke kawo bolt 12. Na uku ba ya ba fanka komai, labari yake kai wa uwar allo. Duk zagaye ɗaya da fanka ta yi, takan aika da bugu biyu na lantarki ta wannan waya. Idan uwar allo ta ƙirga bugu 40 a daƙiƙa, ta san fanka na zagaye 20 a daƙiƙa, watau 1,200 a minti. Idan ba ta ji bugu ko ɗaya ba, sai ta ɗauka fanka ta tsaya ko ba ta nan.

Fil na huɗu shi ne na umurni, kuma dabarar da ke cikinsa ta cancanci a tsaya a kanta. Fanka mai waya uku ba a iya rage mata gudu sai an rage mata wuta, daga bolt 12 zuwa 9 ko 7. Matsalar ita ce idan wutar ta yi ƙasa da yawa, wajen bolt 5 ko makamancin haka, fankoki da dama sukan kasa tashi, su tsaya cik. A fanka mai waya huɗu kuwa ba a taɓa bolt 12 ɗin. Uwar allo tana aika da sigina ta waya ta huɗu mai kunnuwa da mutuwa sau 25,000 a daƙiƙa. Idan a kowane bugu siginar ta ɗauki kashi 30 cikin ɗari na lokacin a kunne, fanka sai ta yi tafiyar hankali. Idan ta ɗauki kashi 90 a kunne, sai ta kusa ƙure gudunta. Abin ya yi kama da mai tura lilo: ƙarfin hannunsa ɗaya ne, tsawon lokacin da yake turawa ne ke bambanta. Ana kiran wannan dabara PWM. An zaɓi 25,000 ne da gangan, domin kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙarar da ta wuce kimanin bugu 20,000 a daƙiƙa. Da an yi ƙasa da haka, da fanka ta riƙa fito mai ban haushi.

Kada a dogara da launin waya. A fanka mai waya uku, sau da yawa ja ce ke ɗauke da bolt 12, rawaya kuma ta labari. A tsarin Intel na waya huɗu kuwa, rawaya ce ta bolt 12, koriya ta labari, shuɗiya ta umurni. Wasu kamfanonin ma duk baƙi suke yi. Abin dogara shi ne harshen robar nan: fulogi yana da 'yan gyaffa biyu da ke rungumar harshen, kuma ta fuska ɗaya kaɗai yake shiga cikin sauƙi. Duk fulogin da sai an danna da ƙarfi, ba daidai yake ba.

Harshen yana bayan fil uku na farko ne. Saboda haka fanka mai waya uku tana hawa mazauni mai fil huɗu, fil ɗaya ya rage a waje, kuma ba laifi ba ne. Sai dai za ta yi ta gudu a ƙure, in ba an shiga saitin uwar allo an gaya mata ta riƙa rage wuta ba. Haka ma fanka mai waya huɗu tana aiki a mazauni mai fil uku, illa dai ta rasa umurninta.

Wane mazauni ne na wace fanka?

A gefen kowane mazauni akwai ƙaramin rubutu fari. Wanda aka rubuta wa CPU_FAN yana kusa da firosesa, kuma na fankar firosesa ne ita kaɗai. Wannan ba ado ba ne. Uwar allo tana sarrafa wannan mazauni ne bisa zafin firosesa, kuma alluna da yawa idan aka kunna su ba su ji bugun labari daga nan ba, sukan tsaya su rubuta gargaɗi, su ƙi ci gaba. Wasu masu gyara, maimakon su nemi dalili, sai su shiga saiti su kashe gargaɗin. Wannan daidai yake da cire batirin agogo don kada gari ya waye. Ranar da fankar ta mutu da gaske, babu mai sanarwa.

Mazaunan da aka rubuta wa SYS_FAN ko CHA_FAN na fankokin jikin akwati ne. CPU_OPT na fanka ta biyu ne idan mazuƙin zafi mai fanka biyu ne. Wanda ke ɗauke da kalmar PUMP an yi shi ne don famfon masu sanyaya firosesa da ruwa, kuma galibi a ƙure yake gudu. Fankar da aka sa a nan ba za ta lalace ba, amma za ta cika ɗaki da ƙara.

Akwai mazauni biyu da ke ruɗin sababbin hannu, domin su ma fil uku ko huɗu gare su. Su ne na fitilun ado, masu rubutun RGB ko ARGB. Ba su da harshen roba irin na fanka, kuma ba na motar fanka ba ne. Na farko bolt 12 yake bayarwa, na biyu bolt 5, kuma wanda ya soka fitilar bolt 5 a na 12 ya ƙone ta nan take. A ganina, ɗakin kwamfutar makaranta ba ya bukatar waɗannan fitilu ko kaɗan. Kuɗinsu ya fi amfani a matacin ƙura.

Sai kuma kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda su ne suka fi yawa a makarantunmu saboda sauƙin kuɗi. Wasunsu ba sa bin tsarin kowa da kowa. Nau'o'i da dama na Dell OptiPlex, alal misali, fulogin fankarsu mai gurbi biyar ne, kuma jerin wayoyinsa daban yake. Wanda ya yanke waya ya haɗa bisa zato zai iya aika bolt 12 inda bai dace ba. A irin wannan hali sai a nemi fankar wannan nau'i, ko 'yar wayar canji da aka yi dominsa.

Fanka nawa mazauni ɗaya ke ɗauka?

Uwar allo mai arha takan zo da mazauni biyu ko uku kacal, alhali akwati na da gurbin fanka huɗu ko biyar. A kan sayi waya mai reshe a raba mazauni ɗaya. To amma kowane mazauni yana da iyaka, kuma a yawancin alluna amfiya ɗaya ce, watau wat 12. Littafin da ya zo da allon shi ne zai tabbatar. A bayan kowace fanka akwai takarda mai nuna amfiyar da take ja. Idan an rubuta 0.25, fanka uku sun zama 0.75, kuma wannan ya yi. Huɗu sun kai 1.0 cif, kuma wannan bai yi ba, domin a lokacin tashi fanka takan ja fiye da abin da take ja a tafiya, musamman idan ƙura ta sa ta yi nauyi. A kula da fankoki masu kauri da ake cirowa daga manyan kwamfutocin kamfanoni ana sayarwa a gwanjo: guda ɗaya cikinsu takan ja fiye da amfiya ɗaya, ita kaɗai ta isa ta ƙone mazauni.

Mai lura zai ga cewa a waya mai reshe, reshe ɗaya ne kawai ke da cikakkun fil, sauran an cire musu na uku. Ba aibi ba ne. Da fanka biyu za su aika da bugun labari ta waya ɗaya, da uwar allo ta ruɗe a ƙirga. Amma wannan na nufin fanka ɗaya ce ake sa wa ido. Sauran sai an duba su da ido na gaske.

Idan fankoki sun fi uku, gara a sayi ɗan akwatin rarraba wuta, wanda ke jan bolt 12 kai tsaye daga akwatin wuta ta fulogin SATA, ya karɓi umurni kawai daga uwar allo.

Ina iska za ta bi?

Fanka tana shan iska ta fuskar da take a buɗe, ta fitar ta fuskar da ke da sandunan da suka riƙe mota, inda takardar nan take. Da yawa suna da 'yan kibiyoyi biyu a gefe, ɗaya na nuna juyin fukafukai, ɗaya na nuna hanyar iska. Tsarin da aka saba shi ne iska ta shiga ta gaba da ƙasa, ta ratsa kan firosesa, ta fita ta baya da sama. Fanka ɗaya da aka juya baibai takan sa iska mai zafi ta yi ta zagaye a ciki, duk da kowace fanka na juyawa.

A nan ma yanayinmu na da ta cewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na ɗauko ƙura mai laushi daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ga kuma ta titunan unguwa da ba su da kwalta. Idan fankokin fitarwa sun fi na shigarwa ƙarfi, akwati yakan zuƙi iska ta kowace kafa da tsaga, da ƙurarta. Idan kuwa na shigarwa sun ɗan fi, kuma an sa musu mataci, iska ce za ta riƙa fita ta tsagogin, ƙura kuma ta tsaya a mataci inda ake iya wanke ta. Saboda haka biyu a gaba, ɗaya a baya, ya fi dacewa da mu. Ƙurar da aka tara da hunturu ita ce ke toshe haƙarƙarin mazuƙin zafi daidai lokacin da bazara ke shigowa, don haka ƙarshen Fabrairu lokaci ne mai kyau na buɗe akwatuna a share. A kuma ɗaga akwati daga ƙasa, ko da a kan benci ne.

Wajen aiki

Kafin a taɓa komai, a zare fulogin kwamfuta daga bango, ba a kashe makunni kawai ba, domin uwar allo na riƙe da 'yar wuta ko da an kashe ta, kuma wutar gari ko ta janareta na iya dawowa ba sallama. Sannan a danna makunnin gaba na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wutar ta fice. Da hunturu, busasshiyar iska kan sa jikin mutum ya tara lantarki, irin wanda ke ɗan tsunkulinsa idan ya taɓa ƙofar mota. Wannan ya isa ya lalata sassan uwar allo, saboda haka a riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin a kai hannu ciki.

A riƙe fulogi ta jikinsa, ba ta waya ba. A ɗaure rarar waya a gefe don kada fukafukai su kama ta. Da an kunna, kafin a rufe akwati, a dubi kowace fanka a ga ta tashi, a kuma kusantar da ɗan guntun takarda mara nauyi a ga ko ana jan sa ko ana ture shi. Daga nan a shiga saitin BIOS, galibi ta danna Del ko F2 a farkon tashi, a nemi shafin fankoki. A nan za a ga gudun kowace da zafin firosesa, a zaɓa wa mai waya huɗu PWM, mai waya uku kuma DC. Saitin da allo ke zuwa da shi yakan fifita shiru. A ɗaki mai zafi gara a zaɓi wanda ke sa fanka ta ƙara gudu da wuri, ta ƙure wajen digiri 70 zuwa 75.

Wajen share ƙura da abin hura iska, a riƙe fukafukai da yatsa. Motar da aka juya da ƙarfi daga waje janareta take komawa, tana tura wuta baya cikin allo, ga kuma wahalar da gindin juyawarta ke sha. Malamin Fiziks na iya nuna wa aji wannan da ƙaramar motar tsohuwar rediyo mai kaset ko ta motar wasan yara: a haɗa wayoyinta biyu da mitar awon bolt, a murza sandarta da yatsa, ɗalibai su ga awon ya motsa, sa'annan a murza ta baibai su ga ya koma ɗaya gefen.